Yadda Za Ka Koyi Gina Bayan Shafin Intanet Ka Ci Gashin Kanka, Ko Da a Zakka Kake

Akwai tambayar da matasan yankinmu suke yawan yi mini, tun daga Zakka da Runka har Safana da Batsari: mutum ya iya HTML da CSS, ya zana shafi mai kyau a wayarsa, to me ya rage kafin ya fara karɓar aiki ana biyansa? Abin da ya rage shi ne bayan shafi, wanda masu harkar ke kira bakend. A yau za mu ga mene ne shi, da wane yare ake fara shi, yadda za a koye shi a garin da wuta da netwok ba su da tabbas, da kuma yadda ake mayar da shi sana'a.

Mene ne bayan shafi?

Ka ɗauki shagon mai POS. Abin da kake gani shi ne tebur da allon suna da na'urar da kake saka kati. Amma kuɗinka ba a cikin na'urar suke ba. Na'urar tana aika tambaya ne zuwa wata kwamfuta da ke nesa, ita ce za ta duba ko lambar sirrinka daidai ce, ko kuɗin sun isa, ta cire, ta rubuta, sannan ta dawo da amsa.

Haka shafin intanet yake. Fuskar shafi ita ce rubutu da launi da maɓallan da kake dannawa, ana gina ta da HTML da CSS da JavaScript, kuma a cikin burauzar wayarka take aiki. Bayan shafi kuwa yana zaune ne a kan saba, wato kwamfutar da ke kunne dare da rana tana jiran saƙo. A can ake tantance wanda ya shiga, a yi lissafi, a adana bayanai. Duk shafin da ake buɗe asusu, ko biyan kuɗi, ko duba sakamakon jarrabawa, yana da bayan shafi. Lokacin da ka duba sakamakonka na JAMB ko NECO, ba a wayarka makin yake ba, wata saba ce ta zaƙulo shi daga rumbun bayanai ta miƙo maka.

Abubuwa huɗu ne ke faruwa duk lokacin da ka danna maɓalli. Burauza ta aika buƙata ta hanyar da ake kira HTTP. Manhajar da ke kan saba ta karɓa ta karanta. Idan akwai buƙatar bayani, ta tambayi rumbun bayanai. Daga nan ta mayar da amsa tare da wata lamba: 200 na nufin komai lafiya, 404 na nufin ba a sami abin da ka nema ba, 500 kuma na nufin matsalar daga sabar take. Tim Berners-Lee ne ya fara tsara wannan hanya a 1989 a cibiyar bincike ta CERN da ke Turai, kuma har yau a kanta ake tafiya. Wanda ya fahimci waɗannan matakai huɗu ya kama hanya, sauran duk ƙari ne a kansu.

Wane yare za ka fara da shi?

Yaruka uku ne suka fi dacewa da mai farawa.

PHP: Rasmus Lerdorf ne ya fito da shi a 1995. Da shi aka fara gina Facebook a 2004, kuma da shi aka rubuta manhajar da ke riƙe da Wikipedia, har da ta Hausa. WordPress, wanda ya fito a 2003 kuma yake ɗauke da sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a ƙididdigar W3Techs, shi ma PHP ne. Babban ginshiƙinsa na zamani shi ne Laravel, wanda Taylor Otwell ya fitar a 2011.

Python: ya fito a 1991, rubutunsa na da sauƙin karantawa. Ginshiƙinsa Django ya fito a 2005, kuma Instagram na amfani da shi.

JavaScript a kan Node.js: Ryan Dahl ya ƙirƙiro Node.js a 2009, shi ya ba da damar a yi amfani da yare ɗaya a fuska da baya.

Ga wanda ke son fara karɓar ƙananan ayyuka a Katsina, shawarata PHP. Dalili kuwa na aljihu ne: kusan duk kamfanin da ke ba da hayar saba mai rahusa yana da PHP da MySQL a shirye, ba sai ka yi wani dogon saiti ba. Sannan akwai tarin shafukan WordPress na makarantu da jaridu da ƙungiyoyi da ke neman mai gyara. Idan zuciyarka ta fi kwanta wa Python, ka bi shi, ba laifi. Abin gudu shi ne tsalle-tsalle, wata ɗaya nan wata ɗaya can. Taura biyu ba ta taunuwa. Ka riƙe guda har ka gina cikakken aiki da shi, daga baya na biyu zai zo da sauƙi domin tushensu ɗaya ne.

Koyo a inda netwok ba shi da tabbas

Mutanen yankinmu ba sa buƙatar a ba su labari. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Safana da Batsari da Dutsin-Ma, aka shafe watanni a haka. A wannan lokacin har sana'ar cajin waya an hana a wasu ƙananan hukumomi. Ko a lokacin da layi ke aiki, wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce. Saboda haka duk tsarin koyon da ya rataya ga kallon bidiyo kai tsaye na awa uku kullum ba namu ba ne.

Abin farin cikin shi ne, koyon bayan shafi ba ya buƙatar intanet a kullum. Wayarka da kanta za ta iya zama saba. Ga yadda ake yi a Android:

Ka sauke Termux, an fi so daga F-Droid. Ka buɗe ka rubuta pkg install php, bayan ya gama ka rubuta pkg install mariadb, sannan pkg install git. MariaDB ƙanwar MySQL ce, yarensu ɗaya. Ka ƙirƙiri fayil mai suna index.php, ka rubuta php -S localhost:8000, sannan ka buɗe Chrome ka shiga localhost:8000. Shafin da za ka gani daga cikin wayarka yake fitowa, ko da babu sim a ciki. Manhajar Acode tana taimakawa wajen rubuta kod da launuka. Idan ka sami ƙaramin kibod mai Bluetooth, aikin zai ninka sauri.

Mai laftof kuma ya saka XAMPP, wanda ya haɗa Apache da PHP da MariaDB a wuri ɗaya. Ba sai sabuwar kwamfuta ba, tsohuwa ta hannu mai RAM 4GB ta isa wannan mataki. Abin dubawa kafin saye shi ne ƙarfin batir.

Ranar da ka shiga Dutsin-Ma ko Katsina ka sami netwok mai ƙarfi, ka yi guzuri. Littafin jagora na PHP ana sauke shi gaba ɗaya daga php.net. Shafin DevDocs yana ba da damar adana bayanan yaruka a burauza don karantawa ba tare da data ba. Ka sauke bidiyon da kake so a ƙaramin inganci. Darussan freeCodeCamp da MDN da W3Schools da CS50 na Jami'ar Harvard duk kyauta ne. Da Turanci suke, amma Turancin sakandare ya isa a fara, kalmomin da ake maimaitawa ba su da yawa.

Kada kuma ka zauna kai kaɗai. Akwai ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da Kwalejin Hassan Usman Katsina. Mutum ɗaya da zai duba kod ɗinka ya nuna maka inda ya karkace ya fi bidiyo goma. Shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, wanda aka ƙaddamar a 2023, shi ma yana horar da matasa kan gina manhaja, yana da kyau ka sa ido duk lokacin da aka buɗe rajista.

Matakan da za ka bi

Na farko, tushen yare: ajiye ƙima, sharaɗi, maimaitawa, da rubuta ƙananan ayyuka da za ka riƙa kira. Na biyu, karɓar bayani daga fom da tantance shi. Na uku, SQL, wato yaren magana da rumbun bayanai. A nan ka daɗe, domin yawancin ayyukan da za a ba ka tebura ne da alaƙar da ke tsakaninsu: ɗalibi da ajinsa da makinsa, ko kaya da farashinsu da wanda ya saya. Na huɗu, shiga da fita daga asusu. Na biyar, Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, da ajiye aikinka a GitHub, ko waya ta faɗi ko an sace ta aikinka na nan. Na shida, magana da sabar wasu ta hanyar API. Sai bayan waɗannan za ka taɓa Laravel. Wanda ya fara da ginshiƙi kafin ya san tushe, ranar da abu ya lalace bai san inda zai duba ba.

A kowane mataki ka gina abu na gaske: littafin bashin shago, rajistar adashi, ko jadawalin makin ɗaliban Islamiyya.

Misali: shafin sayar da data

Shafukan sayar da data da katin waya, waɗanda ake kira VTU, suna cikin ayyukan da aka fi nema a Arewa. Su ne kuma suka fi nuna bambanci tsakanin wanda ya iya da wanda ya kwafo kod bai fahimta ba.

A ce wani yana da naira 1,000 a asusunsa, zai sayi datar naira 800. Mai koyo yakan rubuta haka: a duba kuɗinsa, idan sun isa a tura data, sannan a cire 800. A ido babu matsala. To amma netwok ya yi nauyi, mutumin ya danna maɓalli sau biyu, buƙatu biyu suka iso sabar kusan lokaci guda. Ta farko ta duba ta ga 1,000. Ta biyu ma ta duba kafin ta farko ta cire, ita ma ta ga 1,000. An tura data sau biyu, ta naira 1,600, ga mai naira 1,000. Akwai masu neman irin wannan ɓaraka da gangan, su aika buƙatu da yawa a tare, kafin gari ya waye jarin mai shafin ya ƙare.

Maganin shi ne a haɗa dubawa da cirewa a umarni ɗaya, kuma a cire kuɗi kafin a tura kaya:

UPDATE asusu SET kobo = kobo - 80000 WHERE id = 7 AND kobo >= 80000

Rumbun bayanai ba zai bar umarni biyu su taɓa layi ɗaya a lokaci guda ba. Na farko zai cire, saura naira 200. Na biyu zai tarar sharaɗin bai cika ba, ba zai canza komai ba. Kai kuma sai ka duba: idan layi ɗaya ya canza, tura data, idan babu, ka ce kuɗi ba su isa ba. Idan turawar ta gaza, ka mayar masa da kuɗinsa ka rubuta dalili.

Ka lura da kobo na rubuta, ba naira ba. Kwamfuta tana samun ɗan kuskure wajen lissafin lambobi masu ɗigo, shi ya sa ake ajiye kuɗi a cikakkiyar lamba. Paystack, kamfanin da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a Legas a 2015 kuma Stripe ta saya a 2020, shi ma da kobo yake karɓar adadi. Wata doka kuma: kada sabarka ta yarda an biya don kawai burauza ta ce an biya. Abin da ke cikin wayar mutum yana iya canza shi. Sabarka ce za ta tambayi Paystack ko Flutterwave da kanta, ta tabbatar da lambar cinikin da adadin, ta kuma duba ba a taɓa amfani da wannan lambar ba.

Bayanan mutane amana ne

A wani wuri, idan bayanan shafi suka fita, abin da zai biyo baya saƙonnin talla ne da 'yan damfara. A yankin da ke makwabtaka da dajin Rugu, inda ake satar mutane don kuɗin fansa, maganar ta wuce nan. Jerin sunayen ɗalibai da lambobin iyayensu da unguwanninsu, ko teburin da ke nuna wane ɗan kasuwa ne ya fi juya kuɗi, abu ne da zai iya jefa rai cikin haɗari. Duk wanda zai gina wa makaranta ko ƙungiyar 'yan kasuwa shafi ya riƙe waɗannan:

Kada ka karɓi bayanin da aikin ba ya buƙata. Idan suna da aji sun isa, ba ruwanka da adireshin gida.

Kada ka ajiye kalmar sirri yadda aka rubuta ta. PHP na da password_hash da password_verify, su suke juya ta ta yadda ko kai mai shafin ba za ka iya karantawa ba.

Kada ka liƙa abin da mutum ya rubuta a fom kai tsaye cikin umarnin SQL. Ta nan ake cusa umarnin ɓarna a kwashe rumbu gaba ɗaya. Ka yi amfani da shiryayyen umarni na PDO, wanda ke raba umarni da bayani.

A kowane shafi na ciki, sabar ta duba ko wannan mutumin yana da izinin ganin wannan bayanin. Idan adireshi ya ƙare da id=15 kuma mutum ya mayar da shi 16 ya ga sakamakon ɗan wani, to ƙofa a buɗe take.

Ka saka HTTPS. Let's Encrypt na ba da shaidar kyauta. Ka kuma riƙa kwafe rumbun bayanai kana ajiyewa a wani wuri daban.

Doka ma ta shigo ciki. A watan Yuni na 2023 aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, kuma hukumar NDPC ce ke kula da ita. Akwai kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015. Idan wani ya zo yana so ka kwaikwayi shafin banki ko na tallafin gwamnati don tattara BVN da NIN na mutane, ko nawa zai biya ka ce a'a. Kai da ka gina kana cikin laifin.

Zanen da ya dace da mutanenmu

Mai zaman kansa yawanci shi ne mai zane, shi ne mai gini. Ka tuna wanda zai buɗe shafin: ƙaramar waya, data ta ƙididdiga, wani lokaci a Opera Mini, cikin rana. Don haka ka fara zane daga girman waya kafin na kwamfuta. Ka matse hotuna, hoto ɗaya da aka ɗora kai tsaye daga kyamara yana iya fin duk sauran shafin nauyi. Rubutu ya zama baƙi a kan fari ko makamancin haka, maɓalli ya isa babban yatsa. Fom ya zama gajere, kuma idan an yi kuskure a gaya wa mutum a fili wane gurbi ne, kada abin da ya riga ya cika ya goge.

Sannan ga haruffanmu masu ƙugiya. Idan ka bar rumbun bayanai a tsohon tsarin latin1, sunaye irin su Ɗanmusa da Ƙanƙara za su fito da alamar tambaya a madadin ɗ da ƙ. Ka zaɓi utf8mb4 tun ranar farko, a tebur da kuma wajen haɗawa, ka sa UTF-8 a saman shafi. Ka kuma gwada font ɗin da ka zaɓa da ɓ da ɗ da ƙ, domin ba kowanne ke da su ba.

Samun aiki da karɓar kuɗi

Upwork da Fiverr suna nan, kuma akwai 'yan Najeriya da ke ci da su. Amma sabon shiga a can yana gogayya ne da mutanen Indiya da Pakistan da suka tara shaidar aiki ta shekaru, ga kuma buƙatar amsa saƙo a kan lokaci, abin da ke da wuya idan layi na ɗaukewa. Ka fara daga gida: makarantu masu zaman kansu a Dutsin-Ma da Katsina, shagunan magani, dillalan hatsi da taki, ƙungiyoyin adashi. Kana jin yarensu, ka san matsalarsu, wannan kuwa ba wanda zai ƙwace maka daga waje. Ayyuka uku masu rai da za ka nuna a waya sun fi takardar shaida tasiri.

Kafin ka rubuta layi ɗaya, a rubuta yarjejeniya, ko da saƙon WhatsApp ne: shafuka nawa, me kowanne zai yi, yaushe za a gama, gyara sau nawa ke cikin farashin. Ka karɓi wani kaso kafin farawa, sauran a wurin miƙawa. Ka faɗa wa mai aiki tun farko cewa sunan shafi da hayar saba duk shekara ake sabunta su, don kada baɗi ya zaci damfara ce. Sunayen da suka ƙare da .ng da .com.ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, kuma ana sayensu da naira a hannun kamfanonin da ta amince da su. Ka yi rajistar sunan da imel ɗin mai aikin, domin dukiyarsa ce. Riƙe shafin mutum don a tilasta masa biya yana kashe suna, a garuruwanmu kuma labari ba ya kwana.

Wajen sa wa'adi, ka lissafa da ranakun da ba wuta ko ba layi. Gara ka ce mako huɗu ka gama a uku. Ka ware kuɗin kulawa na wata-wata ga wanda ke so, shi ne kuɗin da ke shigowa ko babu sabon aiki. Idan harka ta fara tafiya, ka yi rajistar sunan kasuwanci da CAC, domin makarantu da ofisoshi sun fi sakin jiki da mai asusun kamfani.

Game da ChatGPT da ire-irensa, ka yi amfani da su su fassara maka saƙon kuskure ko su bayyana layin da ya shige maka duhu. Amma kada ka ɗora wa mai aiki kod ɗin da ba za ka iya bayyana shi layi-layi ba, kada kuma ka liƙa musu bayanan mutane ko lambobin sirrin asusu.

A daren yau, idan akwai caji, ka saka Termux, ka rubuta fom mai karɓar suna da adadin bashi, ka sa ya adana su ya kuma nuna jimilla. Idan ya yi aiki, ka ba wani mai shago a unguwarku ya gwada na mako guda, ka saurari ƙorafinsa ka gyara. Allah ya ba da sa'a, ya kuma kawo mana zaman lafiya a yankinmu.